Littafin da Inna Tela Ba Ta Ɗinke Ba

"Sa mini zaren nan a allura, Aku. Idon nan nawa ya fara yi mini gardama."

Na ajiye kwanon da na shigo da shi a kan kujera, na karɓi allurar. Inna Tela tana jingine da matashi, littafi a kan cinyarta, ta riga ta ware shafukan ƙarshe ta matse su da abin maƙale shanya. Kwanan nan aka sallamo ta daga asibiti, irin sallamar da likita ke yi yana kallon takalminsa.

"Haba Inna, ke da aka ce ki huta, ɗinki kuma?"

"Wannan na Uwata ne. Yau za ta iso."

Uwata take kiran 'yarta tilo, wadda mu 'yan gidan muke ce wa 'Yar Jirgi, saboda a filin jirgin sama take aiki, can wani gari mai nisa. Ni kuwa Aku ta raɗa mini tun ranar da na tare a ɗakin da ke manne da nata a saman bene, wai bakina ba ya hutawa. Ban yi musu ba. Ni mai kitso ce, in na yi shiru mai kai za ta fara jin zafin ja.

Inna Tela ta ƙare ƙuruciyarta a wani otal tana ɗinkin labule da zannuwan gado. Baƙi kan manta littattafai a ɗakuna, masu shara su kwaso su zube mata a kan keken ɗinki. Yawancinsu irin na Turawan Ingila ne na da, waɗanda ake kashe wani attajiri a ƙaton gida, ruwan sama na zuba, kowa na shan shayi, kowa kuma yana ɓoye wani abu. Da ɗan Turancinta na firamare ta fara, har ta zo ta fi ƙarfin ƙamus. Da ta bar aiki, littattafan suka biyo ta gida, suka cika kabad, suka hau kan taga, wasu suka shige ƙarƙashin gado.

Kowa ta ba aro, amma da sharaɗi. Kafin littafi ya fita daga ɗakinta sai ta ɗinke babin ƙarshe da jan zare ta bakin takardun. Ka karanta har ka ci karo da zaren, ka dawo ka zauna a gabanta, ka faɗi wanda kake zargi da dalilinka, sannan ta sa almakashi. 'Yan gidan nan suna cewa wai saboda ni ta fara wannan ɗinki. Sharri ne, na tarar da ita tana yi. Abin da na sani kawai, bayan zuwana ne ta koma ninka zaren.

Kuma ba ta kiran marubutan da sunayensu, ta ce karya harshe suke yi. Akwai Gwaggo Mai Guba, wadda a wurinta ko ɗan kofin shayi abin tsoro ne, kuma duk ƙauyen magulmata ne. Ita ta ba ni da farko, ta ce mu biyu za mu daidaita. Akwai Mai Agogo, wanda komai nasa a kan lokacin tashin jirgin ƙasa yake, shi ta ba Direba na ƙasan bene, har ya koma karatu a bakin makaranta yana jiran 'ya'yan maigidansa. Akwai Mai Kulle, wanda kullum gawa tana cikin ɗaki a rufe ta ciki, shi ne na Malamin Lissafi na gidanmu. Akwai Malama, mai dogayen jimloli da masu kuɗi masu wayo, wadda Inna ta ce ba a ba sabon shiga ita, sai wanda haƙoransa suka yi ƙwari.

"Ni ba littafi nake bayarwa ba," in ji ta, "awo nake yi. In ka ba sabon mai karatu abin da bai yi masa daidai ba, ya gudu ke nan, kuma laifinka ne, ba na littafin ba."

Ba ta taɓa kuskure ba, sai a kan mutum ɗaya. Ran nan da ta gama ɗinkin, ta ciji zaren da sauran haƙoranta, ta dube ni.

"Duk gidan nan na yi wa awo, Aku. 'Yata ce kaɗai ban san faɗin kafaɗarta ba. Ko shafi ɗaya ba ta taɓa karanta mini da son ranta ba. Ba na so in tafi ban same shi ba."

"Wa ya ce za ki tafi?"

"Rufe mini baki. Ɗauke kwanon nan daga kujera, a nan za ta zauna."

Da la'asar 'Yar Jirgi ta iso, doguwa, tsaf-tsaf, da akwati ɗaya da kwalaye a naɗe a hammata. Ta durƙusa ta gaida mahaifiyarta, ta riƙe hannunta ta daɗe, na ga idonta ya kawo ruwa ta mayar. Daga nan ta miƙe ta shiga aiki. Kafin magariba ta jera magunguna a faranti, ta canza zanin gado, ta wanke labule, ta kira likita ta yi masa tambayoyin da mu duk ba mu iya yi ba. Yarinyar kirki ce, ban taɓa cewa ba haka ba. Amma da na ga ta buɗe kwali a gaban kabad, sai na san akwai magana.

"Likita ya ce ƙura ce ke tayar miki da tarin nan, Inna. Zan sauke su ƙasa."

"Ki sauke ni tukuna."

"Inna, ko gani ba kya yi sosai yanzu."

"To ai shi ya sa Allah ya kawo ki. Ki karanta mini."

Haka aka yi sulhu. Kwalaye suka koma bayan ƙofa, ita kuma kullum bayan azahar za ta zauna ta karanta wa uwarta. Ni ma na riƙa tura masu kitso zuwa yamma don in samu in zauna, ina cewa taimako na zo yi.

Mai Agogo aka fara da shi. Lissafin Inna shi ne, yarinyar da aikinta neman akwatunan matafiya da suka ɓata, ta san wane jirgi ya tashi, wane ya sauka, dole ta so mutumin da ke kama mai laifi da jadawalin tasha. 'Yar Jirgi ta karanta shi tiryan-tiryan, Turancinta kamar ruwa, murya kuwa irin ta sanarwa a lasifika. Ba ta ɗaga ba, ba ta sauke ba. Inna tana lumshe da ido, amma na san kunnenta ba a kan labarin yake ba.

"Ya kika ji shi, Uwata?"

"Inna, wuni nake ina kallon lokacin tashi da sauka. In zo hutu kuma a ba ni shi a littafi?"

Labari ya bazu a gidan, kowa ya zama gwani. Malamin Lissafi ya tare ta a matakala yana yi mata zanen ɗaki mai kulle a tafin hannunsa. Direba ya ce ba a ba ta Mai Agogo na daidai ba ne, akwai wani na tashar bakin teku. Ni ma na sa baki, na fara ba ta labarin wani littafin Gwaggo Mai Guba, saura kaɗan in faɗi wanda ya yi kisan, Inna ta jefe ni da murfin kwalbar magani. Baiwar Allah tana ta murmushi tana cewa to, to, irin na wadda aka taru ana yi wa tallar abin da ba ta ci.

Sai Inna ta fito da babban makaminta, littafin Gwaggo Mai Guba da ta fi so duk duniya, wanda bangonsa ya mutu har ta yi masa riga da ƙyallen labule. A lokacin jikinta ya ƙara sauka. Abinci sai cokali biyu, magana sai ta huta a tsakiya. Duk da haka in aka zo wurin da take so, sai ka ga leɓenta yana motsi tare da karatun.

Ranar da suka ci karo da jan zaren ina nan. 'Yar Jirgi ta juya shafi, ya ƙi juyuwa. Ta miƙa hannu kan keken ɗinki ta ɗauko almakashi.

"Ajiye," in ji Inna.

"Inna, ke fa kin san ƙarshen."

"Ni na sani. Ke nake tambaya. Wa ya sa masa gubar?"

"Ban sani ba."

"Yi tunani mana. Matar? Likitan? Ɗan ɗan'uwan nan mai bashin caca?"

"Wallahi Inna ban damu da wanda ya kashe shi ba. Mutumin ma ba shi da kirki."

Na ga fuskar Inna ta faɗa. Tausayinta ya kama ni har na ji haushin yarinyar, na ce a raina ko ƙarya ai sai ki yi mata. Inna ta yi tari, ta huta, sannan ta ce a hankali, "To duk tsawon littafin nan, ba abin da ya tsaya miki a rai?"

'Yar Jirgi ta juya almakashin a hannunta.

"Yarinyar," ta ce.

"Wace yarinya?"

"'Yar mai dafa abinci. Da 'yan sanda suka zo tafiya da uwar don tambayoyi, ta ce musu 'yarta tana jiranta a ƙofar makaranta. Suka ce ba za a daɗe ba. Har yamma suna tsare da ita. To daga nan ba a sake maganar yarinyar ba. Ina ta jira a ce wani ya je ya ɗauko ta."

"Babu wata yarinya a littafin nan."

'Yar Jirgi ta koma baya, ta nemo wurin, ta karanta. Layi biyu ne kacal. Inna ta karanta littafin nan ya fi a ƙirga, ni ma na karanta shi, kuma rantsuwa zan yi ban taɓa ganin yarinyar ba.

"Na san ba ki gan ta ba," in ji 'Yar Jirgi. Ba da faɗa ta faɗa ba, har da ɗan murmushinta. "Kin tuna maigadin makarantarmu, mai rediyo? Benci gare shi a bakin ƙofa. In kowa ya watse sai ya ce in zauna. Can sai in hango ki kin taho da sauri, yatsanki a cikin littafi don kada wurin ya ɓace miki."

Inna ta daɗe tana kallon rufi.

"Kullum?" ta ce.

"Ba kullum ba. Ya wuce, Inna. Kin sha maganin rana?"

Ta tashi ta shiga kicin, muka ji ta buɗe famfo, ruwa yana ta zuba fiye da abin da kofi ɗaya ke bukata. Inna ba ta ce a yanke zaren ba, ba wanda kuma ya sake tambaya.

Washegari da hantsi, da 'Yar Jirgi ta fita sayo magani, Inna ta buga mini bango da sandarta. Na bar wata da rabin kai a tsefe na shigo.

"Hau kujerar nan. Can saman kabad, bayan gwangwanin maɓallai."

Na hau ina addu'a, don kujerar ta girme ni. Na laluba na jawo wani littafi da ƙura ta yi wa bargo. Da na ga bangon sai na yi dariya.

"Inna! Mai Jan Ƙafa?"

Duk gidan mun san Mai Jan Ƙafa, don shi ne abin zaginta. Ta ce mutum ne da zai kashe maka mutum a shafin farko, maimakon ya bi sawun mai laifi sai ya tafi kicin ɗin matar mamacin ya zauna. Wa zai gaya wa tsohuwar uwarsa, wa zai ba karensa abinci, wa zai mayar da takalman da ya kai gyara. Ɗan sandan nasa ma kullum a gajiye yake, yana tsayawa yi wa mutane ta'aziyya. Ba ta taɓa ba kowa aronsa ba, ta ce ba za ta zubar da mutuncinta ba.

"Kaɗe shi a waje, kada ta ga ƙura ta sa shi a kwali."

Na kaɗe, na goge da gefen zanina, na dawo na ɗauko allura.

"In ninka zaren?"

"Bar shi haka."

"Ba ɗinki?"

"Wannan ko ta leƙa ƙarshe ba abin da za ta rage." Ta huta. "Ni fa har gobe ban ga abin so a wurin mutumin nan ba, Aku. Amma ba ni zan sa rigar ba."

Da 'Yar Jirgi ta dawo, ta tarar da shi a kan kujerarta. Ta juya shi, ta duba bayansa, ta taɓa bakin takardun.

"Wannan ba ki ɗinke ba."

"Hannuna ya gaji. Karanta kawai."

Ranar farko ban ji wani bambanci ba, sai dai ba ta duba agogonta ba. Rana ta biyu ta tsaya a tsakiyar shafi ta ce, "Kai, wannan mutumi," ta ci gaba. Inna ta buɗe ido ɗaya ta dube ni, ta mayar ta rufe. A kan matakala Direba ya tambaye ni me ake ciki, na ce ya rufa mana asiri kada ya yi mana baki.

Rana ta uku Inna ta tashi da wani irin sauƙi. Ta sha shayi rabin kofi, ta ce a buɗe taga, sannan ta ce kanta ya dame ta, in zo in yi mata kitso ko guda huɗu ne. Na hau gadon na zauna, na ɗora kanta a cinyata. Gashin ya zama fari fat, laushi kamar auduga, da ƙyar yake kamuwa. Ina taje shi a hankali, 'Yar Jirgi tana kujera kusa da taga, ta naɗe ƙafafu, ta cire ɗankwali ta ajiye a gwiwa.

An zo inda ɗan sandan ya koma gidan mamacin, ba don bincike ba, don ya tuna an bar wani tsoho a ɗakin sama ba wanda ya gaya masa komai. Muryar sanarwar nan ta tafi. Tana karantawa tana saurin numfashi, in tsohon ya yi magana sai ta sauke murya, in ɗan sandan ya yi sai ta ja ta a gajiye. Ni da nake ganin Mai Jan Ƙafa ba ya da gishiri, sai ga ni na kasa kunne.

"Uwata," in ji Inna, da ƙyar ake ji. "Ruwa."

"Dakata, Inna, bari in kai ƙarshen shafin nan."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Inna ta juyo da idonta sama ta dube ni daga cinyata. Na yi shekara da shekaru ina ganin matar nan tana yanke zare in mutum ya canka daidai, amma ban taɓa ganin fuskarta da irin wannan daɗi ba. Dariya take so ta yi, ƙarfin ne babu. Na miƙa hannu na ɗauko kofin, na ba ta da cokali, ta haɗiye, ta lumshe ido.

Shafin ya ƙare, 'Yar Jirgi ta shiga na gaba. Na raba gashin na kama kitso na uku. Leɓen Inna yana motsi, na sunkuya na ji ba karatun take bi ba, kalmar shahada ce. Na yi tare da ita a hankali.

Mai kitso ta san nauyin kai. Na san na mai barci, na san na mai jin zafi tana daurewa. Ina tsakiyar kitson na ji kan Inna ya sauka a cinyata da wani nauyin da ban taɓa ɗauka ba. Na sa tafin hannuna a ƙirjinta, na jira. Na yi innalillahi a zuciyata, hawaye suka zubo mini har kan hannu, na shafa idanunta na rufe su sosai.

Na buɗe baki in kira ta. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan kafaɗarta, ta sunkuya a kan littafin, goshinta a tattare, tana karanta wa uwarta yadda ɗan sandan ya hau matakala yana riƙe da tiren shayi. Saura 'yan layuka shafin ya ƙare. Na mayar da bakina na rufe, na riƙe silin gashin a tsakanin yatsuna don kada kitson ya warware.